Kunnen Baba na Hagu

Gidan da muka kama haya a unguwar Yantala ta Yamai irin gidajen nan ne masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, pampo ɗaya, kowa yana jin tarin kowa. Nan na kawo mahaifina bayan rasuwar mahaifiyata. Mutumin Maraɗi ne, tsohon direban babbar mota, ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Yamai zuwa Damagaram. Ni ne ɗansa na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Kai" yake ce mini. Idan yana nemana sai ya tambayi matata, "Ɗiyata, ina wannan ya shiga?" Bai taɓa yaba mini ba, bai kuma taɓa kushe abin da na kawo masa ba. Ko takalmi na sayo ya matse shi, sai ya sa ya ce madalla. Na san wannan hali nasa tun ina yaro, kuma sanin bai hana ni yin abin da na yi ba.

Jinsa ya yi rauni sosai. Abu guda ya rage masa a duniyar nan, rediyonsa, wani tsohon baƙin rediyo da ya yi tafiye-tafiye da shi a mota. A rediyon ma ba labaru ne suka dame shi ba, sanarwar da ake karantawa bayan labarun rana ce: wane ya rasu, ɗan wane ne, za a yi jana'iza a wuri kaza. Yakan zauna a tabarma ƙarƙashin rumfar ƙofarmu, ya murɗa rediyon har ƙarshe, ya manna shi da kansa. Duk sunan da ya sani sai ya ɗaga murya ya yi salati, ya faɗa wa gidan ko wane ne, da inda suka haɗu, da irin motar da mutumin yake ja.

Akwai sunan da yake jira, ko da yake ba ya fatan jinsa. Yana da amini a unguwar Gamkalley, Bazabarme mai lambu a bakin kogi, wanda ya ba shi masauki lokacin da ya fara zuwa Yamai yana saurayi. Mu Baban lambu muke ce masa. Sun yi alkawari tsakaninsu: wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai sauka cikin kabari ya karɓe shi. Na sha jin suna tsokanar juna a kai.

"Kai da wannan gwiwar taka, in ka sauka wa zai fito da kai?" in ji Baban lambu.

"Sai a rufe mu tare kowa ya huta," in ji Baba. "Amma ka yi wanka tukuna, ba na kwana da warin albasa."

A shekarar da nake magana Baban lambu yana kwance, ciwo ya ci ƙarfinsa. Na kai Baba ya duba shi a bayan babur ɗina, muka zauna kaɗan. Da za mu tafi, babban ɗansa ya rako mu ya ce mini, "In wani abu ya faru za mu ba da a rediyo. Ai mun san Baba ba ya rasa sanarwa." Na ce haka ne. Bayan nan wayata ta salula ta ɓace, na sake lamba, ban kai musu sabuwar ba. Sabon gidanmu kuwa ba su taɓa zuwa ba. Rediyon nan shi kaɗai ya rage tsakaninmu da Gamkalley.

Ni kuma na tsani lokacin sanarwar nan. Ina sayar da ƙusa da fenti a kasuwar Katako, gefen masu katako. Da rana nakan zo gida in ci abinci in ɗan miƙe, sai in tarar da sunayen matattu suna cika tsakar gida. Matar maƙwabcinmu ta haihu, mijinta ya tare ni a ƙofa cikin ladabi ya ce, "Maƙwabci, tsohon nan namu Allah ya ƙara masa lafiya, amma jaririn ba ya samun barci." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na faɗa wa kowa cewa saboda jariri zan nemi dabara. Gaskiyar ita ce kunya nake ji, kuma ina son in ci shinkafata ba tare da an tuna mini da kabari ba.

Akwai wani abokina a kasuwa mai sayar da kayan sauti na hannu. Na ɗauki rediyon Baba na kai masa, na ce ina son abin saurare na rufe kunnuwa, wanda muke ce wa kaske.

"Tsohon naka kurma ne ko rabin kurma?" ya tambaye ni.

"Naka ne kurma."

"Nawa ya mutu, ya fi kowa ji yanzu," ya ce yana dariya. Ya soka kasken a ramin rediyon, muka saurara. Sautin ya fito siriri kamar kukan sauro. Ya ce rediyon ba shi da ƙarfin tura wannan kaske, sai an sa ampili a tsakani. Ya jawo wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, mai maɓallin murɗawa guda a gaba. Waya ta fito daga rediyo ta shiga bayan akwatin, kaske ya shiga gabansa, akwatin kuma yana shan kuran, wato wutar lantarki, daga bango. Da ya murɗa, sai da na zabura. Ƙarfi kam akwai. Amma kunnen hagu kaɗai ke magana, na dama shiru.

"Rediyon nan tsohon yayi ne, murya ɗaya yake fitarwa," ya ce. "Ampili kuma hanya biyu gare shi, sai ya zuba ta a hagu. Akwai wani ɗan fish, abin sokawa a bakin waya, da ake ƙarawa ya raba ta biyu. Ya ƙare mini, ka leƙo wani satin."

Na ce kunne ɗaya ma ya isa, da wannan ƙarfin ko dutse zai ji. Tsakanin teburina da rumfarsa ba nisa, kullum sai na wuce ta gabansa. Ban koma neman fish ɗin ba.

A gida na tarar da matsala ta farko. Wurin soka wuta guda ne a ɗakin Baba, can a kusurwa bayan ƙofa, wayar kasken kuma gajeruwa ce. Ba yadda za a yi ya kai rumfa. Na ajiye ɗan tebur a kusurwar, na ɗora rediyo da ampili, na kawo kujera na sa ta a gefen dama na teburin, domin wayar daga kunnen hagu take fitowa. Wanda ya zauna a kujerar bango yake kallo. Na kira Baba, na zaunar da shi, na ɗora masa kasken da hannuna. Da zarar an soka waya a rediyon, lasifikarsa takan yi shiru, don haka gidan ya yi tsit, har ina jin ɗigar pampo.

Na tsaya a gabansa na ɗaga murya. "Baba, kana ji?"

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce, "Madalla. Ya yi."

Na fita tsakar gida ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci. Na ce wa matata da yara kada kowa ya taɓa kayan nan, ba abin wasa ba ne, ni kaɗai na san kansu.

Ba a jima ba sai ga guɗa. Ranar da na sa kasken don in gwada, na ji wani sauti a ƙarƙashin muryar mai magana, uuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Wannan sautin da na sa wa suna guɗa ya shiga kaina ya zauna. Na fara farautarsa. Idan na dafa akwatin da hannu sai ya ragu, na ɗauke hannu ya dawo. Idan aka kunna fanka sai ya ƙaru. Na cire fankar daga wurin, ɗakin ya zama tanda, guɗar ta ragu kaɗan. Na lura wayar sauti tana kwance a kan wayar kuran, na raba su, na ɗaure kowace a gefenta. Na gane cewa idan na rage muryar rediyo na ƙure ta ampili, sai wani huci ya taso kamar ana soya ƙosai, amma idan na ɗaga ta rediyo zuwa tsakiya na sassauta ta ampili, sai ya lafa. Na goge bakin fish ɗin kasken da tsumma. Daga baya na cire rediyon daga bango gaba ɗaya na sa masa pil, wato batir, na bar ampili kaɗai a kan kuran, guɗar ta kusa ɓacewa. Ranar nan na yi murna kamar an yi mini haihuwa.

Duk wannan aikin da kunnuwana na yi shi. Kullum sai in tashi Baba daga kujerar in zauna, in saurara, in murɗa, in soke, in zare, shi kuwa yana tsaye riƙe da ƙofa yana jirana. In na gama in mayar da shi in ce, "Yanzu fa?" Ya ce, "Ya yi." Hutun ranar da na ce ina nema ban same shi ba, a kusurwar nan nake ƙarar da shi, gumi yana zuba, abincina yana sanyi. Matata ta ce, "Maigida, da rediyo ɗaya ke hana ka cin abinci, yanzu akwati ne. Ko a kawo maka tabarma nan?" Ban yi dariya ba.

Wata rana na dawo na tarar da Baba ya sa kasken a juye. Kunnen mai waya yana damansa, wayar ta gitta ƙirjinsa ta miƙe tsaf, ta jawo ampili har bakin tebur. Ya karkata jikinsa wajen teburin, wuyansa a lanƙwashe, idonsa a rufe. Shigowata ta sa ya juyo, akwatin ya faɗo ƙasa, wayar kasken ta fita.

"Haba Baba!" na ce. Har yau ina jin yadda muryata ta fita. "Ba haka ake sa shi ba. Waya a hagu take, kullum a hagu. Ka ga yanzu ka kusa fasa shi."

Ya sunkuya zai ɗauko akwatin, na riga shi. Na duba, bai fashe ba. Na samo ƙusa daga cikin kayana, na kafa, na ɗaure ampili da tebur, na ɗaure wayar kasken da hannun kujera na hagu, ta yadda ko an so ba za a iya juya shi ba. Daga ranar ni nake ɗora masa shi da kaina, daidai yadda ya kamata. Bai sake taɓawa ba. Yakan zauna, hannuwansa a kan gwiwa, carbi a tsakanin yatsu, fuskarsa ga bango, har in zo in cire masa.

Salatin da yake yi ya ɗauke. Matata ce ta fara faɗa. "Baba ya daina ba mu labarin mutanensa." Na ce ai shi ke nan, an samu lafiya, mutum yana sauraron abinsa cikin natsuwa. Na lura ya rage cin abinci. Na lura yakan tsaya a ƙofa da la'asar yana kallon hanya. Sau ɗaya ya ce mini, "Kai, in ka samu sarari, Gamkalley." Na ce to, sai ranar da kasuwa ta yi sauƙi. Kasuwa ba ta yi sauƙi ba, kuma ga guɗa ta dawo, don pil ya yi rauni.

Ranar wata Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, aka yi sallama a ƙofa. Babban ɗan Baban lambu ne, riƙe da buhu mai ganyen salati da karas a ciki. Ya ce da tambaya ya gano gidan, daga tsohuwar unguwarmu aka yi ta miƙa shi. Muka gaisa. Sai na ga yana leƙen bayana.

"Baba yana nan? Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Yana ciki yana sauraron rediyo."

Ya ajiye buhun a hankali. "Yana sauraron rediyo," ya maimaita. "Yaya, mu mun ɗauka ko ba shi da lafiya ne, ko wani abu ya same shi. Tsohonmu ya rasu, har an yi sadakar bakwai. Mun ba da sanarwa, an karanta, an sake karantawa. Nan maƙabartar Yantala muka kawo shi. Mun tsaya da shi a bakin kabari muna duba hanya, har liman ya ce rana tana yi, a sa shi. Ni na sauka."

Daga ƙofar gidanmu zuwa maƙabartar nan, tsoho ma da ƙafa yake zuwa.

Muka shiga ɗakin. Baba yana kan kujerarsa, kaske a kai, yana kallon bango. Na cire masa. Da ya ga baƙon sai fuskarsa ta washe, sannan ta tsaya. Ɗan Baban lambu ya durƙusa a gefen teburin, wajen hagunsa, ya fara magana. Matata tana bakin ƙofa ta ce, "Zagayo ta damansa. Na hagun ba ya ji ko kaɗan."

Na juya na dube ta. "Me kika ce?"

"Kunnen hagu. Ai ya daɗe da mutuwa, shi ne na wajen tagar mota. Ba ka ga kullum ta dama nake ba shi abinci ba?"

Ita ta san kunnen da ya mutu, ba ta san kasken gefe ɗaya yake magana ba, don na hana ta taɓawa. Ni na san kasken, ban san kunnen mahaifina ba. Shekara da shekaru ina yi masa ihu daga gaba, ban taɓa tambayar ta wane gefe maganata take shiga ba. Duk kwanakin nan ina ɗora masa murya a kan mataccen kunne, ina toshe mai ran da soso.

Baƙon ya zagaya ya faɗa masa. Baba ya yi salati a hankali, ba irin wanda yake yi a rumfa ba. Ya tambaya, "Wa ya karɓe shi?" Aka faɗa masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Bai dube ni ba. Na so ya dube ni, na so ya ɗauki akwatin nan ya jefe ni da shi. Da baƙon ya fita na durƙusa ta damansa na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba ka ji?"

"Ka sha wahala a kansa," ya ce.

Da la'asar muka tafi maƙabarta mu uku, a ƙafa. Ƙasar kabarin ba ta gama kwantawa ba. Baba ya tsuguna da ƙyar, ya dafa ta, ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tashi gwiwar ta ƙi, muka kama shi ta kowane gefe. Ya ce, kamar da wanda ke ƙasa yake, "Ka ga, da ma ka faɗa." Ɗan Baban lambu ya yi dariya, hawaye na zuba masa. Ni ban samu ko ɗaya ba.

Washegari na je wurin abokina na karɓo fish ɗin. Ɗan abu ne kamar ƙwayar dabino, yana cikin wata roba a gaban rumfarsa, ya ce ai tuntuni ya zo. Na ƙara da doguwar waya. A gida na zare ƙusoshin, na kwance ɗaurin kujera, na soka fish tsakanin rediyo da ampili. Kunnuwa biyu suka ɗauka. Na ja wayar ta ƙarƙashin ƙofa har rumfa, na shimfiɗa tabarmarsa a inda take a da. Doguwar wayar ta dawo da guɗa kaɗan. Na bar ta.

Na miƙa masa kasken a hannu, ya sa da kansa. Na zauna ta damansa, na ɗaga soson kaɗan na ce, "Baba, kana ji?"

"Madalla. Ya yi."

Kalmomin nan ne dai, da muryar nan, da fuskar nan. Na zauna ina kallonsa, na rasa yadda zan yi in sani. Ko yana ji ko ba ya ji, abin da zai ce mini ke nan har ƙarshen ransa, domin ni ɗan fari ne kuma ni na kawo. Na yi tunanin in zare wayar gaba ɗaya in bar lasifika ta yi ta ihu, amma jaririn maƙwabta yana nan, kuma da na miƙe zan zare ta Baba ya ɗaga hannu ya hana ni. Ba ya son a ce saboda shi aka tashi yaro.

Saboda haka na sake tambayar. Da aka gama labaru na sake ɗaga soson na ce, "Baba, wa ya rasu yau?"

Ya ci gaba da saurare. Can sai ya faɗi wani suna, da ƙarfi, irin ƙarfin wanda kunnuwansa ke rufe bai san yana ihu ba. Ya ce mutumin Tawa ne, mai gyaran taya a tsohuwar tasha, ya taɓa ba shi aron jak a kan hanyar Dogon Dutsi. Matar maƙwabcinmu ta leƙo daga ɗakinta, ta koma.

Tun daga ranar nan nake cin abincin rana a tabarmar, ta damansa, kwano a gabana. Ba na iya tashi kafin a gama sanarwa, ko da ciniki na jirana a Katako, domin in ban tambaya ba ba zan sani ba, kuma wata rana pil yakan mutu ko fish ya saki, shi kuwa sai ya ci gaba da zama hannu a gwiwa. Wani lokaci yakan faɗi sunaye da yawa, wani lokaci ya ce yau ba wanda ya sani. Sunan Baban lambu kuwa bai ji shi a rediyo ba, sai ranar da iyalinsa suka ba da sanarwar sadakar arba'in. Ya saurara har ƙarshe, ya cire kasken ya ajiye a kan tabarma, ya ce wa matata, "Ɗiyata, ki gaya wa wannan ya duba man babur ɗinsa. Gobe da sassafe ne, a Gamkalley."